Saƙon waya zai iya raba mutumin karkara da taba?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Jihar Jigawa. Yawancin mazan da ke zuwa mini da tsohon tari ko hawan jini mashaya sigari ne. Ina yi musu nasiha, su ce in sha Allah sun bari, bayan sati biyu sai in gan su a tasha da kara a hannu. A wani taron bita na ji ana cewa a wasu ƙasashe saƙon tes ake tura wa mutane har su daina. Shin da gaske yana aiki? Kuma zai yi aiki a wurinmu, inda da yawa ba su karanta boko, sabis ma wani lokaci sai an hau tudu?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri da ka damu da waɗannan bayin Allah har bayan sun bar ƙofar asibiti. Tambayoyi biyu ka haɗa: ko saƙon waya yana sa mutum ya bar taba, da kuma ko abin da ya yi aiki a wata ƙasa zai yi a ƙauyenka. Ta farko amsarta eh, an gwada an gani, sai dai ba kamar yadda ake zuzutawa a taron bita ba. Ta biyu kuwa ta danganta da yadda ka tsara abin, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Abin da ke faruwa tsakanin asibiti da tasha

Mutumin da ya ce maka ya bari ba ƙarya ya yi maka ba. A wannan lokacin har zuciyarsa ya bari. Binciken shan taba tsakanin manya da aka yi a Najeriya a 2012 ya gano kashi 10 cikin 100 na maza suna amfani da taba, mata kuwa kashi 1.1, kuma kusan rabin masu zuƙar sigari sun ce sun yi yunƙurin dainawa a cikin shekarar da ta gabace shi. Ka ga niyya ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Matsalar ita ce wanda ya yi yunƙurin bari da ƙarfin zuciyarsa kaɗai, ba magani ba mai taimako, cikin mutum 100 uku zuwa biyar ne ke kaiwa wata shida ko shekara ba su koma ba.

Dalili shi ne nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba. Daga zuƙa zuwa isarsa ƙwaƙwalwa bai wuce daƙiƙa 10 zuwa 20 ba, kuma wannan saurin ne ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaure shi da duk abin da mutum yake yi a lokacin: kofin shayin safe, gama cin tuwo, zaman jiran fasinja, hutun tsakar rana a gindin bishiya, hirar majalisa bayan isha'i. Idan ya daina, jiki yakan yi bore da fushi, rashin barci, ciwon kai, kasala da yawan jin yunwa. Abin ya fi tsanani a kwana ukun farko zuwa sati ɗaya, ya riƙa sauka cikin sati biyu zuwa huɗu. Amma ƙishin taba kansa zuwa yake yi kamar guguwa, ya taso da ƙarfi na 'yan mintoci ya lafa. Duk faɗan a cikin waɗannan mintocin ake yin sa, kuma a lokacin kai kana asibiti, shi yana teburin mai shayi, mai tireda yana gefe yana sayar da kara ɗai-ɗai. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari sai a kwali, ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma ni da kai mun san yadda ake a tasha. Wanda ya sayi kara ɗaya ko hoton gargaɗin da ke jikin kwali ba ya gani.

Amfanin saƙon waya ke nan. Yana cikin aljihun mutum a daidai lokacin da nasiharka ta yi nisa.

Abin da aka gwada

A Niyu Zilan aka fara babban gwaji, aka buga sakamakonsa a 2005: mutum 1,705, yawanci matasa. Bayan sati shida kashi 28 na waɗanda aka tura wa saƙonnin sun ce sun daina, a ɗaya rukunin kashi 13. Sai dai wannan faɗarsu ce da bakinsu, kuma sati shida gajeren lokaci ne.

Gwajin da na fi dogara da shi na Birtaniya ne, mai suna txt2stop, wanda aka buga a 2011. Mutum 5,800 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya suna samun saƙo biyar kullum na tsawon sati biyar, daga nan uku a sati na tsawon wasu sati 26. Idan ƙishi ya taso wa mutum akwai kalmar da zai tura a ba shi amsa nan take, idan ya zame ya sha akwai wata. Ɗaya rukunin saƙon godiya kawai ake tura musu jefi-jefi. Bayan wata shida ba a tsaya ga maganar baki ba, an gwada yawu ko numfashi. Kashi 10.7 na masu samun saƙonnin sun daina, a ɗaya ɓangaren kashi 4.9. Ka dubi wannan ta fuska biyu. An ninka, wannan gaskiya ne. Amma kuma cikin mutum goma kusan tara sun ci gaba da sha. Idan ka shiga aikin da tsammanin rabin ƙauye za su daina, gwiwarka za ta yi sanyi tun watan farko. Ni kuwa ina ganin ninkin nan babban abu ne, domin taba tana kashe har rabin waɗanda suka dawwama a kanta, kuma kuɗin saƙon wata shida bai kai na kwanciyar kwana ɗaya a asibiti ba.

Na Chana, wanda aka buga a 2018 da mutum 1,369, ya ƙara mana wani ilimi mai amfani ga mai ƙaramin aljihu: waɗanda aka yi wa ruwan saƙo kullum kashi 6.5 suka daina, waɗanda ake tura wa 'yan kaɗan a sati kashi 6, waɗanda ba a ba su saƙon taimako ba kashi 1.9. Tazarar da ke tsakanin mai yawa da mai kaɗan ba ta taka kara ta karya ba.

Indiya ce ta fi kama da mu ta fuskar yawan mutanen karkara da ƙananan wayoyi. A 2016 ma'aikatar lafiyarsu, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta buɗe shirin da filashin kawai mutum zai yi wa wata lamba a yi masa rajista. Sama da mutum miliyan 2 suka shiga, daga baya aka ƙara harsuna da saƙon murya. A 2024 kuma, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan yi wa manya maganin barin taba, ta sa saƙon waya a cikin hanyoyin da za a iya amfani da su, a gefen gajeriyar nasihar ma'aikacin lafiya da magunguna.

Waɗannan gwaje-gwajen a kan masu karatu aka yi su, kowa da wayarsa shi kaɗai, kuma su da kansu suka nemi shiga. Kar ka ɗauki alƙalumansu ka ce haka za ka samu a ƙauyenka.

Inda ƙauyenmu ya bambanta

Karatu shi ne na farko, kamar yadda ka faɗa. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, zai iya kallon saƙon boko bai san me ya ce ba. Abin da yakan yi shi ne ya miƙa wa ɗansa ya karanta masa. A nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Shekarun baya, ina duba masu tarin fuka a wani asibitin karkara, na fara tura wa 'yan kaɗan daga cikinsu saƙo daga wayata. Wani magidanci ya dawo karɓar magani ransa a ɓace, ya ce in daina. Ashe 'yarsa ce ta karanta saƙon da ƙarfi a tsakar gida, surukarsa tana zaune, shi kuwa shekara da shekaru a ɓoye yake sha a bayan gari. Laifina ne, ban tambaye shi wa ke karanta masa saƙo ba. A ƙasar Hausa shan sigari abin kunya ne gaban iyaye da surukai da 'ya'ya, tsohuwar da ke sa taba gari a baki ma ba ta so a sani. Tun daga ranar nake yi wa kowa tambaya uku kafin in karɓi lambarsa: wayar taka ce kai kaɗai? Wa zai karanta maka? Ka yarda kalmar taba ko sigari ta fito a saƙon? Wanda bai yarda ba sai mu yi amfani da kalmar da mu biyu muka sani, kamar "alkawarinmu".

Ga wanda ba ya karatu, murya ta fi. Akwai kamfanonin da ke tura kira mai ɗauke da maganar da aka naɗa, mutum ya ɗaga ya saurara, ya danna 1 ko 2. Ya fi tes tsada, kuma idan bai ɗaga ba ya wuce, ba kamar tes da ke zaune a waya har a samu caji ko a hau tudun da ka ambata ba. Masu babbar waya saƙon murya ta WhatsApp ya wadatar, sai dai kar ka tara su a zaure ɗaya inda kowa ke ganin lambar kowa. Kuma kar ka yanke ƙauna da rubutu gaba ɗaya: a jihohin Dosso da Damagaram na Nijar an taɓa haɗa yaƙi da jahilci na manya da koyon tura saƙo a ƙaramar waya, aka ga waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran riƙe karatun. Gajeren saƙo mai kalmomin da ake maimaitawa mutum yakan saba da shi.

Sai wani abu na fasaha da ba a faɗa a taron bita. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160. Da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, ɗ ko ƙ ko ɓ, tsarin yakan sauya, saƙon ya koma harafi 70, kuɗinka ya ninka, wasu ƙananan wayoyin ma akwati-akwati za su nuna a wurin harafin. Saboda haka ba lanƙwasa za ka rubuta, kamar yadda kowa ke yi a waya. Amma ka karanta kowane saƙo sau biyu. Ka rubuta "kara daya" kana nufin karan sigari guda, mai karatu ya karanta "ƙara ɗaya", ka ga ka ba shi umarnin da ba ka yi niyya ba. Rubuta "sigari daya" ka huta.

Mutanenmu kuma sun gaji da saƙonnin talla da na 'yan damfara. Da yawa gogewa suke ba su buɗe ba, wasu an sa musu tsarin hana talla na 2442 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta kawo a 2016, wanda kan tare saƙon da aka turo a dunƙule ta hanyar talla. Idan za ka yi amfani da kamfanin tura saƙo, ka tambaye su wannan tun farko. Abin da ya fi duk wannan shi ne mutum ya san daga wa saƙon ya fito. Ka sa masa lambar a wayarsa da hannunka, da sunan da ya san ka da shi, ka tura na farko yana zaune gabanka ya ji ƙararsa. A ɗan abin da na gani a aikina, wanda ba bincike ba ne, lura ce ta mai duba marasa lafiya, saƙon da mutum ya ɗauka daga "likitanmu" yake shi ake ajiyewa. Akwai wani direban motar kasuwa da muka yi yarjejeniya zai yi mini filashin duk lokacin da ƙishi ya kama shi. Ba kullum nake samun kiransa ba, amma ya ce mini kafin ya laluba wayar ya nemo lambar ya danna, sau da yawa abin ya fara sauka.

Ka kuma tuna da ci-rani. Wanda ka yi wa rajista da kaka wataƙila da rani yana Legas ko Fatakwal, ya sauya layi. Karɓi lamba ta biyu ta wani da ya amince da shi.

Yadda zan tsara shi da ni ne kai

Zan fara da waɗanda suka riga suka zo hannuna kuma suna da dalili a jikinsu: masu shan maganin tarin fuka, masu hawan jini da ciwon suga, da mazan da suka rako matansu awon ciki ko suka kawo yaro mai asma. Minti uku na magana ido da ido, sannan tambaya: kana so ka bari? Wanda ya ce a'a kar a tura masa komai, a sake tambayarsa wani zuwan. Wanda ya ce eh, shi zai zaɓi rana a cikin sati biyu masu zuwa, kuma ya gaya maka lokuta uku da ya fi sha. Waɗannan lokutan su ne agogon saƙonninsa. Manomi da damina kafin ƙarfe 7 ya bar gida, ɗan acaba kuwa tsakar rana ce matsalarsa. Saƙon da ya iso minti goma kafin shayin safe ya fi guda biyar da suka iso yana barci.

Satin farko biyu ko uku a rana, zuwa ƙarshen wata ɗaya a rana, daga nan biyu a sati har wata shida. Ga irin abin da nake nufi, na bar su ba lanƙwasa kamar yadda za su fita:

Jajiberin ranar: "Malam, gobe ce ranar da ka zaba. Yau da dare ka fitar da sauran sigari da ashana daga aljihu da karkashin matashi. Ka gaya wa mutum daya da ka yarda da shi."

Kwana na uku: "Yau kwana uku. Idan kana jin fushi ko ciwon kai, jikinka ne ke neman abin da ya saba. Zai ragu. Sha ruwa, tashi daga inda kake, jira minti biyar."

Idan ya zame: "Sigari daya bai rushe kwana goman da ka yi ba. Yar da sauran yanzu. Me ya faru kafin ka kunna? Ka zo mu yi magana."

Ka lura babu tsoratarwa a ciki. Mai shan taba ya san tana kisa, an gaya masa sau ɗari. Abin da bai sani ba shi ne me zai yi da hannunsa da bakinsa a minti biyar masu zuwa. Asuwaki, dabino, aya, gyaɗa, alwala, tashi daga benci a zaga. Labari mai daɗi ma yana da wurinsa, kuma gaskiya ne: cikin awa 12 iskar gubar hayaƙi da ke jini takan sauka daidai, cikin sati 2 zuwa 12 numfashi da gudun jini su inganta, bayan shekara haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Ga dattijon da ke cewa ai lokaci ya ƙure masa, wanda ya bari yana shekara 60 ma yakan samu ƙarin kimanin shekara uku, mai 40 kuwa kimanin tara. Lissafin kuɗi yana ratsa magidanci ƙwarai. A ƙaddara kara naira 50 ne, yana shan goma a rana: naira 15,000 ke nan a wata. Ka tambaye shi farashin da yake saya, ka mayar masa da lissafin zuwa kwanon masara ko buhun taki.

Hattara da goro. Da yawa za su koma masa, kuma ya fi sigari sauƙin illa nesa ba kusa ba. Sai dai hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke hana barci a goro da shayi da kofi. Idan an daina, adadin da mutum ya saba ci sai ya fi ƙarfinsa, ya kasa barci, gabansa ya riƙa faɗuwa, ya ɗauka rashin taba ne. Saƙo guda da zai ce ya rage goro da shayi bayan la'asar yana maganin wannan. Wanda kuma ya bar sigari ya koma taba gari bai bar nikotin ba, ya dai mayar da cutar baki da dasashi. Ka faɗi wannan tun ranar rajista.

Azumi babbar dama ce. Mutumin da ya ce ba zai iya awa biyu ba ga shi yana yin sama da awa 13 kullum har wata guda. Wurin zamewa biyu ne, bayan buɗa-baki da lokacin sahur, sai kuma ranar Sallah da kwanakin da ke biye. Can za ka kai saƙonnin. A Senegal a 2014 aka fara tura wa masu ciwon suga saƙonnin waya a watan Ramadan, ka ga ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Idan limamin garin ya yarda ya naɗa gajeriyar magana da muryarsa, wadda ba ta ƙyamar mai sha, ka haɗa da ita.

Waɗanda saƙo ba zai ishe su ba

Wanda ke kunna sigari cikin rabin awa da farkawa, ko yake shan kwali guda a rana, nikotin ya kama shi sosai. Shi yana buƙatar magani tare da saƙon: cingam ko filastar nikotin, ko ƙwayoyin da likita ke rubutawa. A karkara samunsu da wuya kuma da tsada, wannan gibi ne da saƙo ba zai cike ba, amma idan mutum yana da hali ka tura shi babban asibiti. Mai taɓin hankali da ke kan magani, da mai shan wasu magungunan asma, barin taba kan sauya ƙarfin maganin a jini, likitansa ya sani kafin ranar. Wanda ya shiga matsanancin baƙin ciki bayan ya daina, kira yake buƙata da ganin ido. Haka wanda ke haɗa sigari da wiwi ko maganin tari ko ƙwaya, nasa aikin daban ne. Kuma duk mai tarin da ya wuce sati biyu, ko da jini, ko rama, a gwada majinarsa tukuna, kar a ce ai tarin taba ne.

Lambobin mutane amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka: izini a bayyane, hanyar fita mai sauƙi, ba a ba kowa lambar. Ka sanar da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma kafin ka fara, in kuma kana da niyyar buga sakamakon a matsayin bincike, sai da amincewar kwamitin ɗa'a.

Wajen ƙirga nasara kar ka yaudari kanka. Mutanenmu suna da kara da kawaici, za su ce sun bari don kar ka ji kunya. Wanda ya ɓace ba a same shi ba, ka lissafa shi cikin masu sha, haka ake yi a yawancin gwaje-gwajen barin taba. Idan ka samu na'urar gwada numfashi, ka tuna hayaƙin itace da gawayi da janareta suna iya ɗaga awon ko mutum bai sha ba, don haka ka tambayi sana'arsa kafin ka ƙaryata shi. Fara da mutum 20, littafi guda, shafi ɗaya ga kowane mutum: ranar da ya zaɓa, lokutansa uku, wa ke karanta masa, da abin da ya ce a sati ɗaya, wata ɗaya, wata uku da wata shida. A ganin sati ɗaya ka tambaye shi wane saƙo ya tuna da wanda ya goge, ka gyara na mutum 20 na gaba da abin da ya gaya maka.